Neman Duhu da Rana a Ceberu

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan La'asar

An yi taron kwamiti a Kalgo. Na bar Gwandu tun da hantsi don kada in makara, na iske zauren a kulle. Na zauna a inuwar dogon yaro har yaran suka ga dama suka zo. Yara nake ce musu, ko da yake Muzzammil, shugaban bikin, malami ne kuma yana da iyali. A takardarsu sun rubuta ni jami'in tsare-tsare da sufuri na Bikin Fina-finai na Kalgo da Gwandu. Ma'anarsa ni ne mai neman kujeru da janareta da masaukin baƙi, kuma ni za a zaga idan ruwan sha ya ƙare.

Na koyi aikin majigi a Kaduna tun iyayen waɗannan ba su yi aure ba. Na zaga ƙauyukan ƙasar nan da motar ma'aikata, in kafa farin ƙyalle a bangon gidan maigari, in riƙe lasifika ina yi wa jama'a bayanin abin da suke gani. Wata rana aka rufe sashen, aka bar motar a bayan ofis har awaki suka riƙa haihuwa a ƙarƙashinta. Yanzu ga ni ina bin masu hayar kujerun roba.

Tsarin shi ne a yi kwanakin farko a zauren Kalgo, sannan majigin fili a Kambaza, a rufe da Ceberu ranar Asabar ta ƙarshen wata. Na Ceberu shi ne nawa. Fim ɗin Mufida za a nuna, yarinyar da ta ɗauki matan garin masu turara shinkafa. Da ta fara zuwa da kyamararta, korar ta suka yi. Ni na mayar da ita, don garin surukaina ne. Na tsuguna gaban Hajjo, yayar matata Zulai, na ce idan suka yarda a ɗauke su, da hannuna zan kafa musu allo su ga kansu a garinsu. Ta ce, "Mai majigi, ka dai hwaɗi." Na ce na faɗa.

Ban kalli fim ɗin ba. Ba aikina ba ne.

Laraba, 9 ga Afrilu, da azahar

Mai janareta ya ce babbar ta tafi wurin biki a Jega, sai ƙaramar. Mai masauki ya ce ɗakunan da ya yi alkawari biyu ba su da fanka. Ɗahiru, direban bas ɗinmu, ya ce tayar baya ba za ta kai ƙarshen wata ba. Duk wanda na kira sai ya ce in sha Allahu, da irin muryar da na san ma'anarta.

Mufida ta tare ni a ƙofar zaure da kwamfutarta a buɗe.

"Baba, ka zauna ka duba kafin ranar. Akwai wani wuri da Inna Zulai..."

Na ce mata ina sauri, mai kujeru na jira na. Babu mai kujerun da ke jira na.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan masallaci

Zafi. Na dafa shayi na mutum biyu, na zubar da rabi. Har yanzu hannuna bai koyi sabon awo ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, da safe

Ba a yi hirar komai a ƙofar masallaci ba yau sai abin da ya faru jiya a hanyar da ke bayan Kambaza. Wani ya ce babura ne, wani ya ce shanu aka bi, wani ya ce ƙanin matarsa na cikin motar. Ba zan rubuta ba, don ban gani ba. Abin da na gani shi ne mai shayin bakin tasha bai hura wuta ba, kuma Fulanin da ke kawo nono ba su shigo ba.

Litinin, kafin Magariba

An yi shela. Babu taro a ƙauyuka daga faɗuwar rana, babu babur bayan Magariba, har sai an sake sanarwa.

Majigi ba ya buƙatar komai kamar duhu. Shi aka hana.

Talata, 15 ga Afrilu, da yamma

Taron gaggawa a Kalgo. Baƙin Kano biyu sun ce ba za su zo ba. Na Yamai ya kashe wayarsa. Kambaza an soke ta ba tare da ko tari ba. Sai Muzzammil ya juyo wurina da muryar da ake yi wa mara lafiya magana.

"Baba, gaskiya mu haƙura da Ceberu ita ma. Mu haɗa komai a nan. Su kuma sai a tura musu fim ɗin ta waya."

Na ce, "Ta waya."

"Ai kowane gida akwai mai waya yanzu."

Na ce masa tsofaffin matan da ke cikin fim ɗin ba su san inda ake danna waya ba, kuma ba abin da aka yi musu alkawari ke nan ba. Ya ce kwamiti bai yi wa kowa alkawari ba. Gaskiya ya faɗa. Bakina ne ya yi.

Na ce doka dare ta hana, ba ta hana rana ba. A ba ni ƙaramin majigin da Ɗahiru, zan nuna da rana.

Ɗaya daga cikin yaran ya ce, "Baba, duhun fa? Kasuwar Gwandu za ka saya?" Suka yi dariya. Muzzammil bai yi ba, wannan kam na yaba masa. Ya ce zuwa Litinin in nuna masa wurin da hoto zai fito da rana tsaka a Ceberu, in babu ya soke.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan La'asar

Na je Ceberu. A bakin gari 'yan sa-kai sun gindaya itace, kowa da bindigar toka da riga cike da layu. Shugabansu Umaru, wanda na sani tun yana yawo ba wando, sai da ya leƙa ƙarƙashin kujerun bas kafin ya ce mu wuce.

Na iske Hajjo a tsakar gida kusa da tukwanen turara shinkafa. Ba ta gane ni ba sai da na yi sallama. Yanar idonta ta ƙaru. Na dama ya yi fari gaba ɗaya, na hagu shi ke ɗan aiki.

"Na ji an hana ka dare," in ji ta.

"An hana taro da dare, Yaya."

"To kai da ba ka iya aiki sai cikin duhu awa jemage, mi za ka yi?"

Na ce ina nema. Ta ce wani jikanta ya nuna mata hoto a waya kwanaki, abin da ta gani kamar ƙuda a cikin nono. "Amma in ka yi shi babba, kamar wanda kuka yi muna sa'ad da kake neman auren ƙanwata, wanga ido na gani. Bana dai yana gani. Baɗi ban sani ba."

Ta ce in shiga ɗakin baya in huta kafin rana ta yi sanyi. Na san ɗakin. Nan Zulai ke sauka duk kaka idan ta zo taya ta aiki, har kakar da ta zama ta ƙarshe. Na ce a bar ni a zaure, ya fi iska.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da azahar

Maigari ya ba ni mabuɗin sito na ƙungiyar manoma, inda ake ajiye taki da damina. Ɗaki ne babba, zai ci mutane da yawa a kan tabarma. Na shiga, na rufe ƙofa, na ɗaga kai. Kwanon rufin duk huji ne, rana na zubowa ta ko'ina kamar ta rariya. Ga tagogi a sama da babu marufi. Mufida ta kunna majigin a bango. Abin da ya fito kamar an wanke riga an bar shatin datti.

Na sa an jera zana a kan tagogin. Haske ya bi ta tsakanin kara. Buhunan taki farare ne, ƙara hasken suke yi.

Na ce ta kashe, na ga abin da nake son gani. Ta ce ai ko farkon fim ɗin bai wuce ba. Na ce na gani.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da safe

An ce jiya ma an ji wani abu ta gabas. Babu wanda ya ce ya gani.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan Magariba

Dabarata ce, ba ta kowa ba. Na ari baƙar leda mai faɗi wurin masu shanyar shinkafa, muka lulluɓe rufin ta ciki, muka toshe tagogi, muka rufe ƙofa. Duhu ya samu, irin wanda na sani. Hoton gwaji ya fito tas a bango, har Mufida ta tafa.

Ba mu daɗe ba na ji numfashina na yin nauyi. Ledar ta fara wari. Zufa ta cika min takalmi. Na juya in yi wa Ɗahiru magana sai na ji faɗuwarsa a kan kwalin wayoyi. Muka ja shi waje, aka kwara masa ruwa, ya buɗe ido yana tambayar ko an yi La'asar.

Ɗahiru ƙato ne, matashi. Idan da tsofaffi da masu goyo ne a ciki fa.

Muka kama hanyar dawowa. Ya yi ta duban rana yana taka mota. Mun shigo Gwandu ana kiran salla.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Na koma Ceberu a motar haya in gaya wa Hajjo gaskiya. Na shirya maganar tun a hanya, na ce zan ce na yi iya yina. Labari ya riga ni.

"An ce ka so dahwa direba."

Matan da ke tsakar gidan suka fashe da dariya. Na tsaya kamar yaron da aka kama da mangwaro.

"Kai da karatunka na Kaduna," in ji ta. "Mu da muke kwana gaban tukunya, mi muke ruhe shinkahwa da shi? Leda? Abin da ke numfashi aka sa wa abin da ke da rai."

Ta ce kowace mace a garin nan tana da tsohon zane mai duhu a ƙasan akwati, baƙi ko shuɗi na rini. A haɗa su, a ɗinke bakinsu, a shimfiɗa a ƙarƙashin rufin ninki biyu, a yayyafa musu ruwa. Haske ba ya wucewa, iska na wucewa. Kafin in ce komai ta riga ta aiki Hauwa, matar ɗanta, ta bi gida-gida.

Na gwada da zannuwa huɗu a kan taga ɗaya. Ya yi. Har wani sanyi-sanyi ke saukowa.

Ban ji daɗi ba kamar yadda ya kamata. Na lura da haka a mota. Wani ɓangare na zuciyata ya riga ya kwanta da cewa an soke.

Litinin, 21 ga Afrilu, da hantsi

Na nuna wa Muzzammil hoton tagar a wayata. Ya daɗe yana kallo. Ya ce to, amma shi ba zai je ba, yana da baƙi, kuma bas ta bar Ceberu kafin La'asar ko an gama ko ba a gama ba. Ya ce idan wani abu ya faru, sunansa ne a takardar izini. Na ce na sani. Sunana ya daɗe ba ya kan takardar komai.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan Isha'i

An buɗe biki a Kalgo. Babban baƙo ya aiko wakili, wakilin ya makara. Janareta ta mutu ana tsakiyar jawabi. Kujerun gaba da na ware wa baƙi babu kowa a kai, ɗalibai kuma a tsaye a baya. An gode wa kowa ta lasifika har da mai ɗaukar hoto. Ni ina waje ina jayayya da mai ruwan leda.

Gobe za su nuna na Mufida a nan. Na ce mata ina da aiki a Ceberu.

Laraba, 23 ga Afrilu, da yamma

Ashe da gaske ina da aikin.

Maigari ya aiko in zo. Na iske zaurensa cike, Umaru a tsaye da rigarsa ta layu. Ba a ba ni ruwa ba sai da aka gama gaisuwa, na san da magana.

Umaru ya ce, "Malam, da gaske zannuwan mata za ka rataya bisa kan mutane?"

Na ce tsofaffin zannuwa ne, wankakku.

"Ko sabbi na. Duk namijin da zanen mace ya ruhe kansa, abin da ke jikinsa ya karye. Kowa ya sani. Yaran ga da ke kwana bakin gari, da mi suke tsaye? In an kunna abin ga, wa zai hana su leƙawa? Uwayensu na ciki. Su shiga su hito hannu sake, sannan dare ya yi."

A da, da na yi masa lacca. Na yi wa ƙauyuka da yawa lacca a kan camfi, da lasifika, da kuɗin gwamnati. Amma a wannan makon ba ni da bakin da zan ce wa mutumin da ke kwana a bakin gari da bindigar toka layarsa ba komai ba ce. Ni a Gwandu nake kwana, a bayan ƙofar ƙarfe.

Liman ya ce wannan magana ba ta da asali a addini. Aka tambaye shi ko zai shiga, ya ce yana da ɗaurin aure ranar.

Maigari ya ce shi abin da ya fi masa sauƙi a bari. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Na ji abin na zamewa daga hannuna, kuma na ji wannan ɓangaren na zuciyata ya sake miƙe ƙafa.

Sai aka ji murya daga bayan zana, inda mata ke tsayawa idan ana shari'a. Hajjo ce, Hauwa na riƙe da hannunta.

"Maigari, a gahwarce ni. Wa aka ɗauka cikin abin ga, mu ko su? Mu munka sha hayaƙi. In maza na tsoron zane, su tsaya waje. Kai Umaru, ba tsaro ka iya ba? To tsaya ƙohwa ka tsare yaranka."

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Umaru ya ce idan shi ne a ƙofar, kuma babu namijin da zai shiga, ya yarda. Ya juyo wurina.

"Kai hwa, Malam? Wa zai kunna musu?"

Na ce yarinyar za ta kunna, ni zan tsaya ciki saboda wayoyi.

"Ba ka tsoro?"

Na ce ni ba ni da abin da zai karye.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da azahar

Mufida ta ce an tafa wa fim ɗin a Kalgo jiya, wasu har da hawaye. Ta tsaya tana jira in tambaya. Na tambaye ta ko ta dawo da doguwar wayar wuta.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan La'asar

Mun rataya. Ɗahiru ya sauke tsani a ƙofar sito ya koma mota, ashe shi ma akwai abin da ya ɗaura a damtse saboda hanya. Mufida ce ta hau, ni ina miƙa mata, mata na ɗinki a ƙasa suna gardamar zanen wa ya fi tsufa. Wata ta ce nata da shi aka kai ta ɗaki, wata ta ce nata ya ga yunwar da aka ci ganye.

Muna kan layi na ƙarshe, ta wajen allon, Hauwa ta miƙo min wani. Shuɗi ne mai duhu, da ɗinkin farin zare a gefe inda ƙusar ƙofar ɗakin girkinmu ta taɓa yage shi. Na san ƙusar. Na yi ta cewa zan cire ta.

Bayan rasuwar Zulai an raba kayanta ga 'yan'uwa, kamar yadda ake yi. Ban tambayi wa ya ɗauki me ba.

Mufida ta ce, "Baba, miƙo." Na miƙa.

Na shirya yadda zan yi gobe. Zan tsaya a baya wajen janareta, in sa ido a kan wayoyi. Mai kula da wuta ba ya kallon allo.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan Asuba

Ban yi barci sosai ba. An ce hanya lafiya. Haka aka ce waccan Lahadin ma.

Asabar, bayan Magariba

Mun isa da hantsi. Mata sun riga sun yi layi da tabarmi da bokitan ruwa. 'Yan mata suka yayyafa wa zannuwan ruwa da tsintsiya. Umaru ya tsaya a ƙofa da bindigarsa, samari suka taru a gindin tsamiya suna miƙa wuya. Wani tsoho, Albarka, ya zo da sandarsa ya ce a matsa masa. Umaru ya ce, "Baba, maganinka." Ya ce, "Nawa ya karye tun kana nono." Umaru ya duba hagu da dama, ya ce doka doka ce. Tsohon ya zauna a bakin ƙofa ya manna kunne.

Aka rufe. Duhu ya sauka, mai sanyi, mai warin rini da tsohon akwati. Na koma baya inda na shirya.

Da hoton farko ya fito, hayaƙi da tukwane da bayan wata mata, ɗakin ya ɗauki guɗa. Kowa na kiran sunan kowa. "Ga Hauwa." "Dubi bakinta." "Wallahi ban san haka nike tahiya ba." Na tsaya ina kallon wayar wuta a ƙasa.

Sai na ji ana kira na daga gaba.

"Mai majigi. Ina mai majigi?"

Na bi ta gefen bango na je. An zaunar da Hajjo dab da allo, hasken na wasa a fuskarta.

"Ina ganin mutane," in ji ta, "amma ban san ko su wa na ba. Suna wucewa da sauri. Zamna nan ka hwaɗa min. Ba shi na aikinka ba?"

Na ce ina kula da wuta. Ta ce wuta ba ta gudu. Ta kama bakin rigata ta ja ni ƙasa.

Na fara a hankali, a kunnenta. Ga Hauwa tana juya shinkafa. Ga rijiyar bayan gida. Ga ke nan, Yaya, kina zaune a kan turmi kina faɗa. Ta ce, "Ni ta wagga? Haka na tsuhwa?" Matan kusa suka ce in ɗaga murya su ma su ji. Ban san lokacin da tsohuwar muryar ta dawo ba, wadda nake yi a bangon maigari. Jama'a ku duba da kyau. Suna dariya, ina ƙarawa.

Sai wata mata ta shigo hoton daga hagu da kwarya a kai, ta ba mu baya, ta sauke, ta gyara ɗaurin zane. Shuɗi, da farin ɗinki a gefe.

Ɗakin ya yi shiru tun kafin ta juyo.

Hajjo ta ce, "Wa ta zo? Mi ya sa kuka yi shiru?"

Matar da ke cikin hoton ta juyo. Ta kalli kyamara ta kare fuska da hannu tana dariya, ta ce, "Ke yarinya, kau da abin nan. Maigidana ya ƙare ƙuruciyarsa yana haska mutane a bango, bai taɓa haska ni ba, sai ke?" Daga bayan kyamara aka ji Mufida ta ce ai shi zai nuna. Ta sauke hannun, ta gyara kallabi, ta ce, "To in shi ne, bari in tsaya da kyau."

Ta tsaya da kyau.

Hajjo ta ji muryar, ba sai an gaya mata ba. Amma ba ta saki rigata ba. Ta ce, "Hwaɗa min. Ban gani sosai."

Na ce, "Jama'a, wannan Zulai ce." Muryar ta tsaya a nan. Na sake ɗauko ta. Na ce ta sa shuɗin zanenta. Na ce akwai toka a goshinta, ba ta sani ba. Na ce tana dariya, haƙorin nan nata na gefe ya fito. Na ce yanzu ta ɗauki kwaryar za ta fita.

"A maido ta," in ji Hajjo.

A zamanina ba a mayar da fim, sai a jira wata shekara. Mufida ta danna wani abu, ta sake shigowa daga hagu da kwarya a kai. Na sake faɗa, tun daga farko. Aka sake mayarwa. A na ƙarshen ba Hajjo ce ta ce a mayar ba.

Ɗahiru ya fara danna ham tun rana na sama. Muka sauke zannuwa a gurguje, kowace na laluben nata ana gardama. Samari suka kewaye iyayensu mata suna tambayar me aka gani. Na ga Umaru ya ja uwarsa gefe yana tambaya ko ta fito, ta ce masa da ya shiga da ya sani.

Ina naɗe waya Hauwa ta kawo Hajjo. Ta laluba ta tura min wani abu a hammata, a ninke, da ɗan damshi.

"Wanga ba na kowa ba ne a nan," in ji ta. "Ka cika magana. Tahi kahin rana ta hwaɗi."

Mun wuce itacen bakin gari ana kiran La'asar. Muzzammil ya kira yana tambaya ko mutum nawa suka zo, don rahoto. Na ce ban ƙirga ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da hantsi

An ce dokar na nan. Mai kujeru ya ce uku sun karye.

Zanen bai bushe ba, na shanya shi a igiyar tsakar gida. Maƙwabciyata ta leƙo neman ashana, ta ga zane a igiya, ta tsaya, ta koma ba ta tambaya ba.

Na ɗauko guduma na cire ƙusar.